Masu Jinyar Tsatsa

Tsatsa ba ta neman komai sai ƙarfe da ruwa da iska, in kuwa ta samu gishiri, to kakarta ta yanke saƙa. Shi ya sa motar da ta sha hunturun Turai, inda ake barbaɗa gishiri a titi don ƙanƙara ta narke, take sauka a Kwatano da ciwonta a ciki. Tirelar da ke lodin shanu a Potiskum ko Wudil zuwa Legas kuwa, fitsarin fasinjojinta ne ke cinye mata ƙasan bodi. Dukkansu garejin masu bugun mota suke ƙarewa, kowacce da irin mai jinyarta.

Mai sammakon zuwa shi ne Alhaji A-Ɗan-Shafa. Rami ne a ƙofa wanda ɗan akuya zai wuce ta ciki, amma a bakinsa "ɗan tabo ne". Da mai walda ya ce sai an yanke ruɓaɓɓen wurin har a tarar da lafiyayyen ƙarfe, a ɗinka sabo, sai Alhaji ya dafe ƙirji. "Haba Oga, ina amfanin fila? A ɗan shafa mana." Ita fila an yi ta ne don cike 'yar lotsawa marar zurfi, kuma in ruwa ya samu hanya ta bayanta, sha take yi. Alhaji katanga yake so a gina da ita. A cusa takardar buhun siminti a ramin, a lafta, a goge, a fesa fenti. Damina ta farko fenti ya yi ƙuraje. Ta biyu, a wata gargada kafin a shiga Zariya, gyaran ya faɗo ɗungurungum, har da sunan kamfanin simintin a bayansa.

Dillali ƙanensa ne a hali, sai dai shi ya san abin da yake yi. Ba warkewar mota ce ta dame shi ba, so yake ta yi kyau zuwa Asabar. Mutum ɗaya yake tsoro a duniya: mai sayen da ke yawo da maganaɗisun tsohuwar sifika a aljihu. Ana manna shi a ƙofa ya zame ya faɗi ƙasa, nan take dillali zai tuna bai yi la'asar ba.

Direba ba shi da laifi, bai taɓa yi ba. Ya bar ragowar takin zamani ya jiƙe a bodi har ya manta, amma "ƙarfen yanzu ne ba shi da albarka".

Su ma masu gyaran kala biyu ne. Akwai Oga Gobe-Da-Safe, wanda kabayid ɗinsa ke ƙarewa daidai lokacin da ya karɓi kafin alƙalami, yaronsa kuma kullum "ya tafi Ƙofar Ruwa, yanzu zai dawo". Da gilashin gayu yake walda, dare ya yi ya kwana yana cewa an zuba masa yashi a ido. Sai kuma dattijon da ba shi da farin jini. Kafin ya kunna wuta sai ya cire kan batir, ya duba ina tankin mai yake. Ɗigo-ɗigo yake walda, nan kaɗan can kaɗan, don kada zafi ya tanƙware ƙarfen. Ya goge, ya shafa firaima a ranar, gaba da baya, domin ƙarfe tsirara raɓar dare ɗaya ta ishe shi ya fara ja. Aikinsa na daɗewa, saboda haka ba a cika dawo masa ba, 'yan gareji kuma suna ce masa mai tsada, mai nawa.

A kan benci akwai Malam Masani. Ko keke ba shi da shi, bai taɓa wuce Kaduna ba, amma "a Jamus ba haka ake yi ba". Maganinsa na kowace tsatsa baƙin mai ne.

Can ƙarƙashin mota kuma ga yaron shago, fari fat da ƙurar fila, samfefa ta cinye masa yatsu. In fila ta daskare a kan katako kafin a shafa, shi ya cika mata maganin busarwa. In fenti ya zubo, shi ne. In Oga ya manta sifana a gida, shi ne dai. Amma duk garin nan babu wanda ya kai shi sanin abin da ke ƙarƙashin fentin kowace mota, wacce ƙarfe ce, wacce buhun siminti. Dillali ya san da haka, shi ya sa duk yaran garejin shi kaɗai yake saya wa tsire.