Masu Ɓoye Karta da Masu Buɗe Manhaja

Wasan karta na foka, wanda ya bunƙasa a Amurka, ya ginu ne kan ɓoye abin hannu, amma wasu masu rubuta manhajar auna ƙarfin hannun sun zaɓi su baje sirrinsu a faifai, domin buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa ke iya karanta rubutunta, ya gyara, ya raba kyauta. Daga kati 52 ana iya haɗa hannu mai kati biyar har guda 2,598,960, sai dai idan aka tattara masu daraja ɗaya, matakai 7,462 kacal ke saura. Dabarar da aka sani da sunan Cactus Kev takan ba kowane matsayin kati lamba wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, daga 2 zuwa 41, sannan a ninka su, sakamakon ya fallasa matsayin katunan da ke hannun. Ta haka masana suka yi ta hana idonsu barci ba ko sisi, domin ɗan caca ya san girman asararsa cikin ƙiftawar ido.