Takalmana a Gidan Hearst

Idan Allah Ya hore wa bawa dukiya, sa'an nan Ya jarrabe shi da son gini, to, magina sun sami abin yi har tsufansu. Haka al'amarin ya kasance ga William Randolph Hearst, attajirin jaridu na Amurka, wanda ya ɗauko gwanar zanen gini Julia Morgan a shekarar 1919 domin ta yi masa wurin hutawa a bisa wani tudu mai fuskantar tekun Pasifik, a San Simeon ta jihar Kalifoniya, aka yi ta ɗora dutse a kan dutse har 1947, gidan ya kai ɗaki 165, amma ajali ya riski mai shi a 1951 ba a gama ba. Magada suka miƙa wa hukumar jiha, aka buɗe wa masu ziyara a 1958.

Ɗan ƙanena da ke neman ilmi a can shi ya kai ni, na kuwa shirya kamar yadda ya dace da mai zuwa gidan manya: babbar riga mai aska takwas, hula zanna, da takalman fata sababbi ful. Motar haya ta hau da mu tafiyar mil 5 tana karkace-karkace, har hasumiya biyu na babban gidan, wato Casa Grande, suka bayyana. Mai yi mana jagora ta ce an kwaikwayo su daga wata majami'a ta garin Ronda a Andalus, ni kuwa ina sane da cewa a gurbin masallaci aka gina majami'ar nan, saboda haka tun daga farfajiya natsuwa ta sauko mini.

Da muka isa babban zauren taro, na ga rufin katako da aka ciro daga wani tsohon gida na Italiya, na ga darduma shimfiɗe wadda ko sarkin yanka zai yi alfahari da ita, sai na yi ijtihadi. Kowane mai tarbiyya ya san ba a taka shimfiɗar mutane da takalmi. Bisa wannan ƙiyasi na tuɓe nawa, na jera su a gefen ƙofa, na bar siririyar tabarmar da jama'a suka cunkushe a kai, na taka dardumar nan da bismilla. Wata ƙara ta tashi. Jagora ta katse bayaninta, idanu suka yo kaina, yaron nan ya kama hannun rigata yana raɗa, "Baffa, don Allah ku dawo, siririyar ita ce tamu, waccan kallo kawai ake yi." Na dawo da sannu, ba gaggawa, domin har gobe ina kan fatawata cewa dardumar da ba a takawa ta ɓata sunanta.

Daga nan aka tura mu ɗakin cin abinci, inda wani dogon teburi yake ɗauke da kayan azurfa, a tsakaninsu kuma ga kwalaben miyar tumatir irin ta kanti, yadda maigidan yake so. A nan Charlie Chaplin ya ci, Winston Churchill ma ya ci a 1929. An ce baƙo sabon zuwa kusa da maigida ake zaunar da shi, kullum ya ƙara kwana sai a matsar da katin sunansa nesa, har ya wayi gari a ƙarshen teburi ya fahimci cewa baƙo raɓa ne. Wannan hikima ta shagaltar da ni ƙwarai, ina ta lissafin mutanen da zan gwada wa ita a gida, har muka ratsa ɗakin majigi, aka fito da mu ta wata ƙofa dabam, ƙofar ta rufe, tafin ƙafata ya gaisa da daɓen da rana ta gasa.

Ashe ziyarar gidan nan ba ta komawa ta inda ta shiga. Muka shiga neman ƙofar farko, ni ina ɗingishi daga inuwa zuwa inuwa, muka faɗa cikin masaukan baƙi guda uku, Casa del Mar mai kallon teku, da Casa del Monte mai kallon duwatsu, da Casa del Sol mai kallon faɗuwar rana. Ƙananan gidaje ake ce musu, alhali na farkon ɗakin kwana 8 gare shi, kowanne kuwa na ƙwanƙwasa a kulle yake. A bakin tafkin Neptune, ruwa garau tsakanin ginshiƙan Rumawa, na tattare riga zan tsoma ƙafa bisa hujjar larura, yaron ya ce, "Baffa, wannan ma kallo ne."

Wani ma'aikaci mai kirki ya yi magana a na'urarsa, ya ce mu sauka ƙasa. A hanya aka nuna mana jakunan dawa suna kiwo cikin shanu, jikokin waɗanda Hearst ya tara a gidan namun dajinsa, amma mutanen motar ƙafafuna suka fi kallo. A ofishin kayan tsintuwa aka buƙaci in siffanta abin da ya ɓace, na siffanta, na sa hannu a takarda, aka miƙo mini su cikin leda. Sun riga ni sauka da mota biyu.