Masu Jita a Ƙasar Garaya

A Gaya da Ajingi kunne ya saba da tsirkiya tun kafin jita ta sauko daga motar Kano. Garayar maharba na nan, gurmin Haruna Uji na Haɗeja ma bai bar rediyo ba. Sabon abin da jita ta zo da shi shi ne 'yan ƙarafan da aka gicciya a wuyanta, suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar karan rake. Wuyan gurmi sumul yake, yatsa na sauka inda kunne ya ce. A jita kuwa an riga an yanke wa kowace gaɓa muryarta. Nan masu koyo suka rarrabu.

Akwai Sarkin Lissafi, galibi ɗalibin jami'ar kimiyya ta Wudil da ya dawo gida hutu. Ya san gaɓa ta 12 ce ke raba tsirkiya gida biyu daidai, a nan murya ke maimaita kanta da siranta. Ya san dalilin da gaɓoɓi ke ƙara matsewa in ana gangarawa cikin jita: kowace tana cin kusan kashi 1 cikin 18 na abin da ya rage na tsawon tsirkiya. Har rula ya sa ya gwada. Sunayen tsirkiyoyin shida, E, A, D, G, B da wata E, a bakinsa suke. A ce ya kaɗa, sai ya ce bai gama saiti ba.

Sai Mai Takarda, wanda ya sauko da tab daga intanet ya kai aka buga masa. Rubutun ba wuya: layi shida, kowane na tsirkiya ɗaya, lambar da ke kan layi ita ce gaɓar da za a danne, 0 kuma a kaɗa ba dannewa. Makaɗan Turai na amfani da irinsa tun ƙarni na 16. Tarkon guda ne. Layin ƙasa na tsirkiya mafi kauri ne, alhali ita ce a sama in an rungumi jita. Gogan naka ya karanta a kife, ya kwashe damina guda yana kaɗa abin da ko mai waƙar ba zai shaida ba. Ko da aka juya masa takardar da sauran rina a kaba, don yawancin tab wurin sa yatsa kawai yake nunawa, ba ruwansa da tsawon da murya za ta yi. Wanda bai taɓa jin kiɗan ba, lambobi kawai zai yi ta jerawa.

Jikan mai garaya shi ne abokin gabarsa. Tsirkiya biyu yake taɓawa, sauran huɗun a wajensa almubazzaranci ne, hujjarsa kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya kafin rasuwarsa a 2015. Laifinsa, yana ɗora yatsa a kan ƙarfen gaɓa, sai muryar ta fito a shaƙe. An sha gaya masa a bayan ƙarfen ake dannewa, dab da shi, ya ce wannan tsirfar Nasara ce. Amma a faɗi gaskiya, duk cikinsu shi kaɗai ne in ya fara, masu zaman teburin shayi ke gyaɗa kai.

Mai Rawani kuwa kiɗan Buzaye ne ya ɗauke masa hankali. Wayarsa cike take da Bombino na Agadas da Mdou Moctar, kuma ba ya gajiya da sanar da jama'a cewa a Sakkwato Mdou ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Da ya lura gwanin nasa bahago ne, shi ma ya juya jita, alhali da dama yake cin tuwo. Ya kuma ji cewa da wayar birkin keke Mdou ya haɗa jitarsa ta fari, don haka ranar da tsirkiya ta tsinke, wurin mai gyaran keke ya nufa. A Gaya, garin da ake cewa maƙeransa ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙa, ba wanda ya yi mamaki.

Mai Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Jitarsa tsirkiya huɗu gare ta, kuma a Facebook ba wanda ke ƙirgawa.

Abin tausayi shi ne Ɗan Lele. Waya na cin kan yatsa a makonnin farko kafin kanta ta fito, shi kuwa so yake ya iya ba tare da ya yanke dogon farcensa ba. Ƙanensa da ya wuni riƙe da fartanya ya ɗauki jitar ya danne ko a jikinsa. Haka dai aka lallaɓa har aka iso haɗin F, inda ɗan ali zai kwanta ya danne tsirkiya shida a lokaci guda. Ɗan Lele ya gwada, ya dubi yatsansa, ya ce hunturu ne ya lanƙwasa katakon. Kafin ƙaramar Sallah ya sayar wa Mai Hoto da jitar, rabin kuɗin ma bashi.