Farfesan Da Ba Ya Son "Ranka Ya Daɗe"

Duk watan Satumba jirage na kwasar 'ya'yanmu zuwa Ingila neman digiri na biyu, wasu da kuɗin PTDF, wasu da kuɗin gonar gado. Kafin su tashi an cika musu kunne da huɗuba kan sanyi da naman alade. Babu wanda ya gaya musu cewa tashin hankalin yana jiransu a cikin aji.

Ranar farko wani dattijo mai furfura zai shigo da wandon jins, hular keke a hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan. Ɗan namu zai zaci mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki ne. Sai bawan Allah ya ce shi ne farfesan, kuma a riƙa kiransa da sunansa kawai. Gatsau! Wannan fa yaro ne da mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunansa ba don ɗan fari ne. Haka zai yi zangon karatu guda yana kewaye-kewaye, in yana son magana ya yi gyaran murya, ko ya tsaya a gefe yana murza hannu har a lura da shi. In kuwa imel ne, sai ya yi sallama, ya gaida iyali, ya tambayi gajiya da sanyi, ya nemi afuwar damun mai girma, kafin ya kai ga tambayarsa a layi na goma. Amsa ta dawo cikin minti biyar: "E, babu laifi."

A gida mun san yadda ilimi yake. Ka sayi handawut, ka haddace, ranar jarrabawa ka mayar wa Malam kayansa ba tare da ka taɓa ko waƙafi ba. Can kuwa za a jera kujeru a da'ira, malam ya dube ka ido cikin ido ya ce, "Kai me kake gani?" Ni? Ina ni ina gani a gaban manya? Ɗan namu ya sunkuyar da kai don ladabi, malam ya ɗauka bai yi karatun ba. Ana cikin haka wata yarinya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ce ita fa ba ta yarda da babi na uku na littafin farfesan ba. Mutuminmu ya fara salati a zuci, yana jiran a ce ta fita. Sai ya ga tsohon na washe baki har da godiya.

Sai kuma Turnitin, manhajar gano satar rubutu da ba ta san kara ba. Ɗan namu ya kwaso maganar manyan masana shafi guda, a ganinsa girmamawa ce, tunda shi bai isa ya gyara musu zance ba. Aikin ya dawo launi-launi kamar atamfar anko, tare da takardar gayyata zuwa gaban kwamiti. Ko yabon Bature ma ba abin dogaro ba ne: zai ce ra'ayinka na da ban sha'awa ƙwarai, ka buga waya gida a taya ka murna, maki ya fito 52.

Waɗanda suka nufi Jamus sun fi samun sauƙi. In an gama lacca ɗalibai ƙwanƙwasa tebur suke yi maimakon tafi, abin da ya sa wani namu ya fara neman ƙofa, ya zaci bore ne. Amma da ya ji cewa a al'adar jami'o'insu laccar ƙarfe goma kan fara goma da kwata, nan take ya ce ashe 'yan uwa ne. Sai ya ƙara nasa kwata uku a kai.

Shekara ta zagayo, ga ɗan namu na Ingila ya dawo da hoton rigar yaye da sabon karin harshe, an ba shi aji. Kullum labarin yadda yake shan shayi da farfesansa yana kiran sunansa. Wani ɗalibi ya ji daɗin labarin, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni dai ban yarda da wannan bayanin ba." Oga ya cire tabarau a hankali, ya tambayi lambar rajistarsa, sannan ya duba ko sunansa na cikin waɗanda suka sayi handawut.