Na Sayi Jirgin Sama

Bamingham, Ingila

Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Inna, da yara, da matarmu wadda har yau ba ta biya ni bashin dambun kifin da ta yi min alkawari ba. Yaya kogi bana? Allah ya sa bai leƙa gonar shinkafarmu irin leƙen da ya yi mata a 2022 ba.

Ka ce Inna na tambaya ko aure na yi a ɓoye, shi ya sa aka daina jin ɗuriyata. Ka kwantar mata da hankali, ba mace ba ce. Jirgin sama na saya. Amma kafin ka zari hula ka nufi majalisa da labari, tsaya ka ji: daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike bai cika taƙi ɗaya ba.

Wani dattijon Bature ne maƙwabcina ya ja min. Ya haura saba'in, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Ran nan ya roƙe ni in canza masa ƙwan fitila. Ina shiga ɗakin sai na ga jirage birjik, wasu a kanta, wasu na reto a jikin zare daga rufi, kamar jan-baki sun sauka a gonar gero. Na ce masa Allah ya raya jikoki. Ya ce wane jikoki? Ashe duk nasa ne. Na haɗiye dariyata don dai ita furfura ko ta wane ne a girmama ta, amma a zuci na ce lallai sanyin ƙasar nan ba ya barin mutum haka.

To ka san an ce wanda ya yi dariyar mai kuturta. Da zan fita ya miƙo min kwali ɗaya, wai ladan aiki. Samfurin Spitfire ne, jirgin yaƙin da Ingilishi ke ji da shi tun Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka ƙera dubbansa a nan unguwar Castle Bromwich. Na kamfanin Airfix ne, su da suka fara fitar da irinsa tun 1953. An rage shi sau 72, wato in ka jera 72 hanci da wutsiya sai su yi tsawon na gaske. A ciki guntayen roba ne a maƙale da juna, kai za ka yanke, ka kankare, ka haɗa da gam.

Wannan bai ba ni wahala ba. Wanda ya ƙera jirgi da sillen kara, ya feƙe ɓawon ya soka a totuwa, ya yanko taya daga silifas ɗin Inna har ya sha bulala, ai ba za a tsorata shi da takardar umarni ba. Ka tuna wanda muka yi shekarar da jirgin feshin jan-baki ya riƙa wucewa ƙasa-ƙasa ta kan fadama? Kai ka yi farfela, ni na riƙe. Cikin dare biyu na haɗa na Bature, na shafa fenti, ina ta hura hanci.

Ashe ba a fara ba. Saura sitika.

Yaya, ka cire sitikar Keke Napep daga ranka, wadda yaro zai ɓare ya manna, ya buga da tafin hannu ya ja kekensa. Wannan wata 'yar fata ce da ta fi ɓawon albasa rashin kauri, tana kwance a kan takarda. Sai ka yanko ta, ka tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ka ajiye ta huta, sannan ka turo ta da bakin buroshi ta zame daga takardar zuwa jikin jirgi. Ba a ɗaga ta da yatsa. In ka ɗaga, ta naɗe kamar tabarma, kuma ba ta warwaruwa sai da rarrashi. Ko amarya ba a lallaɓa ta haka.

Ta farko da na manna, na tsane ruwan da auduga, na ga ta zauna daram. Da gari ya waye sai ga gefenta yana ƙyalli fari-fari kamar ɓawon karfasa. Na kai wa dattijo. Ya sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya girgiza kai kamar likita ya ga mai ciwon da aka makara kawowa. Wai fentin da ba shi da sheƙi jikinsa kaushi ne da shi ko da ido bai gani ba, iska ce ta maƙale a ƙarƙashin sitikar. Dole sai an fara shafe jirgin da man sheƙi ya yi sumul, a bari ya bushe, sannan a manna.

Daga nan ya fito da wasu 'yan kwalabe biyu, mai shuɗin rubutu da mai ja, Micro Set da Micro Sol. Ta farko warin ruwan khal take yi, ita ake shafawa a wurin kafin sitika ta sauka. Ta biyu a sama ake ɗiga ta. Ina ɗigawa, Yaya, sai tambarin nan mai kyau ya yamutse kamar tarwaɗar da ta kwana a banda. Na ce inna lillahi, na kai hannu zan gyara. Dattijo ya make min hannu. Ni da gemuna! Ya ce a wannan lokacin ta yi laushi kamar koko, in na taɓa ta tafi ke nan, in je in kwanta. Ban yi barcin kirki ba. Da asuba na leƙa, wallahi ta miƙe da kanta, ta shige kowane ɗan layi na jikin fiffiken, ka rantse da fenti aka zana ta.

Manyan ma da sauƙi. Akwai ƙananan rubuce-rubuce na gargaɗi, irin "kada a taka nan", kowanne bai kai ƙwayar riɗi biyu ba. Da hantsaki ake kama su, ana riƙe numfashi. Na kama ɗaya sai atishawa ta zo min. Na yi rarrafe a kan kafet da tocila fiye da rabin sa'a, ban gan ta ba. Sai bayan sallar Juma'a wani ɗan'uwa Basomale ya matso ya ce in yi haƙuri, akwai wani abu a gemuna. Na yi wuni guda ina yawo a gari da sanarwar kada a taka ni.

Yanzu ga wanda zai sa ka ajiye takardar nan ka yi dariya. Bayan duk wannan wahala, an sake rufe jirgi da wani man da ke kashe sheƙi, ya fito tsaf kamar a kai shi gidan biki, sai dattijo ya ce to yanzu sai mu ɓata shi. Na ce mu me? Ya ce jirgin da ya je yaƙi ba ya zama fes. Ya tsarma baƙin fenti ya zuba a layukan don su yi dauɗa. Ya ɗiɗɗiga ruwan azurfa inda takalmin matuƙi zai goge fenti. Ya zana hayaƙi a bayan salansa. Ƙarshe ya buɗe wata 'yar kwalba ya ce wannan ƙurar hamada ce. Ƙura, Yaya. Sayenta ya yi, da kuɗin da zai auno maka kwanon shinkafa har da canji.

Nan na ga arzikin da muke takawa a banza. Na ce masa a garinmu, in hunturu ya kama, ka ajiye jirgin nan a kan katanga da magariba, kafin hantsi an gama maka aikin kyauta, har da cikin hancinka a matsayin gyara. Don haka ka fara tara kwalaben turare. Kai da ɗiba, ni da talla. Ta hanyar Malam Madori daban, ta Kafin Hausa daban, ta bakin kasuwar kifi kuwa mu tsauwala mata kuɗi tunda tana zuwa da ƙamshi.

A watan Nuwamba ya ja ni Telford, inda suke babban taronsu duk shekara. Manyan zauruka cike da dattawa, kowa da 'yar tocilarsa yana leƙa kujerar matuƙin da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. A hanyar dawowa yake min burga wai jiragen farko da suka sauka Kano nasu ne, guda uku, samfurin DH.9A, a Nuwamban 1925. Na ce haka ne, amma mu Haɗejawa mun riga mun gaisa da ku tun 1906, a ƙasa, ranar da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya har ya yi shahada. Ya yi shiru. Da muka iso ya dafa min shayi da kansa, har da biskit.

Yanzu ina kan na biyu, L-39, irin wanda sojan samanmu ke koyon tuƙi da shi a Kano. Kore-fari-kore zan manna masa, kuma wannan karon sai na ɗaure gemu.

Roƙona ɗaya. Na ba dattijo labarin jirginmu na kara, ya ƙi yarda wai ana haɗa jirgi ba gam ba takarda. Na zaga garin nan kaf, ko sille ɗaya babu. In an yi girbi ka sa babban yaronka ya ƙera ɗaya, in yaran yanzu sun iya, in ba su iya ba ka zauna da kanka, ba wanda zai gan ka a bayan rumbu. Ka ɗauko min hotonsa ta WhatsApp, gaba da baya.

Kuɗin Inna na nan tafe ƙarshen wata, cif, ban taɓa su ba. Kada ka gaya mata nawa nake sayen ƙura. In kuwa ka ji ana raɗe-raɗi a unguwa cewa na sayi jirgi, kada ka ƙaryata, musamman a gidan su wance.

Ƙaninka.