Alhaji Ya Ɗanɗana Abincin Sin

Wani maƙwabcinmu a Tudun Jukun ya tafi hutu Guangzhou, wai zai ɗanɗana abincin Sinawa. Jakarsa kuwa kuka, daddawa, yaji, kilishi. Ko mai ƙaura albarka.

A gidan abinci aka kawo masa shinkafa da tsinke biyu. Ya jujjuya su, babu tsire a jiki. Ya ajiye, ya wanke hannu.

Hasumiyar Canton mai tsawon mita 600? Ya gan ta mana. Ta tagar tasi, yana sauri zuwa Xiaobei, unguwar 'yan Afirka, inda ya ji labarin wata mai tuwo.

Da ya dawo muka je sannu da zuwa.

"Alhaji, yaya girkin Sinawa?"

"Ba laifi, suna ƙoƙari. Malmalarsu ce dai ba ta kai ta Tudun Wada ba."