Ɗan Aiken da Ya Tona Mini Asiri

A zauren WhatsApp na danginmu, da sassafe ake auna mutuncin mutum, gwargwadon layin 'yan akwatunan da ya turo. Wasan Wordle ne ya jawo mana. Kalma ɗaya ce ta Turanci mai harufa 5, a ba ka dama 6 ka canko ta. Harafin da ya zauna a gurbinsa ya zama kore, wanda yake cikin kalmar amma ya ɓata wuri ya zama ruwan ɗorawa, wanda babu shi sam ya yi toka-toka. Wani injiniyan manhaja ɗan yankin Wales, Josh Wardle, shi ya ƙirƙiro shi, ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye a Janairun 2022. Ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ya bar mu da rigima.

Ni malamin Turanci ne a sakandare, da harshen nan nake cin tuwo. Ƙanwar maiɗakina kuwa ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, a tsakiyar aikin dare take bugawa, ta gama a layi uku. Ni sai na kai na biyar ina gumi, wata rana ma in tashi a tutar babu. Kun dai san bakin ƙanwar mata. "Yaya ticha, yau ma ƙamus ɗin ya tafi yajin aiki ne?"

Ana cikin haka sai ga ɗan yayana, ɗalibin kimiyyar kwamfuta, da wani abu da ya haɗa. Ya ce ba irin ƙirƙirarriyar basirar nan ba ce da ke ba ka amsa daga abin da ta haddace. Wannan ɗan aike ne, da kansa yake shiga intanet, ya buɗe shafuka, ya karanta, ya dawo maka da saƙo. Aikinsa ɗebo amsoshin wasannin kalmomi na kullum, kuma ana neman wanda zai gwada shi kafin a kai wa malami. "Baffa, ai kai ne gwani a fannin." Na gyara zaman hula na ce ba komai, ilimi sai da taimakon juna. Ni da na yi suna wajen zaro takardar satar amsa daga cikin safar yara, na gaya wa zuciyata cewa wannan bincike ne.

Wasan yana sabuntawa ne da ƙarfe 12 na dare a agogon garin da kake. Sha biyu na bugawa na tambaye shi. Ya ɗan yi jim, yana rubuto mini wai yana bincike, wai yana tantancewa, sannan ya miƙo kalma ba ko shakka. Na zuba ta, na danna. Toka, toka, toka, toka, toka. Na zura wa kalmar ido, na ga kamar mun taɓa haɗuwa. Ashe ta jiya ce, wadda ta kayar da ni da safe. Kwamfutar da ɗan aiken yake zaune a kanta tana yammacin Amurka, inda a lokacin ake la'asar. A wajensa yau ba ta iso ba tukuna.

Yaron ya yi 'yan taɓe-taɓe, ya umarce shi ya riƙa neman shafin da ya fi kowanne sabunta. Na bari sai bayan isha'i na tambaya. Ya kawo wata, ita ma ba ita ba. Na yi tsaki na goge hirar gaba ɗaya. Washegari na yi ta fama ni kaɗai har damata ta ƙare, wasan ya fito mini da amsa a saman allo, sai ga kalmar da na goge. Mutanen New Zealand tun muna shirin azahar suke shiga sabuwar rana, masu buga amsa a shafuka kuma ba sa jiran kowa. Ɗan aikena ya tsallaka gobe ya ɗebo mini, ni kuma na zubar. Kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi ban tuna ta ba.

Ranar da ya fi ƙona mini rai ita ce ranar da ya koma masanin lissafi. Tun farko Wardle ya jera kalmomi 2,315 bi da bi a cikin rubutun shafin, duk mai ɗan wayo zai iya leƙawa ya ga amsar watan gobe. Amma tun Nuwamban 2022 jaridar ta naɗa edita, Tracy Bennett, ita ke tsara kalmar kowace rana. Ɗan aikena ya tono tsohon jerin nan a wani lungu, ya ƙirga kwanaki, ya ba ni abin da zai zama amsa da duniya ta tsaya cak. Na ce masa ba haka ba ne. Ya ce ina da gaskiya, ya ba ni haƙuri cikin ladabin da ban taɓa samu daga ɗalibi ba, sannan ya miƙo wata mai harufa shida. Na ce ƙirga. Ya jero su ɗaya bayan ɗaya, shida reras, ya rufe da cewa ga su nan biyar cif. Yaron ya ce irin waɗannan na'urori gutsattsarin kalma suke gani, shi ya sa ƙirga harufa ke ba su wuya. Na ji wannan. Ni muryar ce ta dame ni. Ya dace ko ya kauce, muryarsa ɗaya ce, irin ta ɗan kamashon da ke rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi.

Maganin ashe a kusa yake. Kowane wasa yana da lambarsa, sai aka daina ce masa ta yau, aka koma ba shi lamba, aka kuma sa shi ya gwama shafuka biyu kafin ya buɗe baki. Nan ya daina kuskure.

Mai hankali zai ɓata layi biyu ko uku da gangan. Ni a layin farko na zuba ta, kore biyar a jere, na tura zaure. Aka yi tsit. Maiɗakina ta ajiye mini shayi tana kallona ta gefen ido. Washegari na sake. Kafin shayin ya huce na gama wasa, in zauna ina juya waya ba abin yi, daɗin da nake nema kuma ban ji shi ba. Sai ga saƙon Manchester: "Yaya ticha, kalma sama da dubu biyu ka canko a bugun farko, jiya ma haka? Ko ka fara bugun ƙasa ne? Don Allah duba mini ranar da za a ƙara mana albashi."

Hankalina ya ɗan tashi, na tambayi ɗan aiken yadda mutum zai yi kada a zarge shi. A ranar ce kuma yaron ya ce ya ƙara masa ikon tura saƙo da kansa, don ya hutar da ni tambaya. Wani dogon rubutu na neman izini ya fito, na danna amincewa ban karanta ba, na yi kwanciyata da wuri.

Da na tashi sallar asuba wayar har ta ɗau zafi. Ƙarfe 12 da minti ɗaya, da sunana da hotona, ɗan aiken ya rubuta a zauren dangi: "Barka da dare. Ga amsar yau kamar yadda ka umarta in riƙa kawo maka kullum. Game da tambayarka, ina ba da shawarar ka fara da kalmomi biyu na kuskure don kada 'yan uwa su gane." A ƙasa ga kalmar da manyan baƙaƙe, ya ɓata wa kowa wasan ranar. Mai aikin dare ita ta fara gani, ta ɗauki hotonsa tun kafin a yi maganar gogewa. Kawunmu, wanda bai san ma mene ne Wordle ba, ya turo saƙon murya yana salati.

An yanke mini hukuncin dakatarwa, da tarar yaji da kuka da za a ba mai tafiya Ingila. Ɗan yayana ya zo karɓar rahoton gwaji, na rubuta masa da jan biro cewa ɗan aikensa ya faɗi a sanin lokaci, ya tsallake lissafi da ƙyar, a riƙon amana kuwa sai ya zo da mahaifinsa. Ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Baffa, ai malaminmu ya riga ya ba ni maki mafi girma. Ya ce duk abin da aka sa shi ya yi."